Kumatun Jikata a Cikin Waya

Ran da aka nuna min jikata mu uku ne a tsakar gida: ni, da maƙwabciyata mai wayar, da akuyata a turke.

Ni ba na taɓa kaya kafin in saya. A kasuwar Yelwa daga nesa nake gane kifin da cikinsa ya saki, masu latsa gwandar mutane kuwa tsawa suke sha a wurina. Ido ya isa, in mai shi yana da hankali.

Ɗana ya kira daga Legas, ya matso da jaririyar. Na ga yatsansa ya nutse a kumatunta, da ya ɗaga wurin ya ciko a hankali.

"Inna, kin gan ta?"

"Na gani. Tallafe mata wuya, ba buhun gero ba ce."

Ban san sa'ad da na kai yatsa ba. Gilashi na taɓa, kiran ya yanke. Maƙwabciyata ta yi ta gwadawa, ba sabis, ta tafi girkinta.

Da safe na ɗauki kwando zuwa gindin rimi, na tsinto auduga, na zauna ina cire 'ya'yan, don in ɗinka wa jikata matashi.