Zoben Da Na Wanke Da Toka

A shekarar da ɗana na biyu ya fara rarrafe, mijina yana tuƙa motar wani attajirin goro da ke bayan gidanmu a Zangon Kumasi. Na ce na biyu don na farin bai zauna ba. Lokacin da zazzaɓi ya ɗauke shi, mijina yana can arewa da jakunan wannan attajiri, tafiyar wata huɗu. Ya dawo ya tarar har an yi sadakar arba'in. Ya shigo riƙe da 'yar riga da ya sayo wa yaron a Salaga, ya dubi fuskar tsohuwarsa, sai ya mayar da rigar cikin jaka.

Bayan wannan ne ya bi wani direba ɗan ƙabilar Fanti ya koyi tuƙi. Da attajirin ya sayi mota, irin da muke ce wa lori, sai ya ba shi. Hanyar da jaki ke ci a wata da watanni, yanzu kwana bakwai ya je ya dawo. Ni ban damu da ƙararta ko warinta ba. Abin da na sani, in yaro ya yi zafi yau, kafin mako ya zagayo ubansa yana gida.

Da damina ta kankama sai motar ta fara rage ƙarfi a hawan dutsen Mamfon. Mijina ya ce ba zai kai ta wurin masu gyara na tashar jirgi ba, don sai ta yi kwanaki tana jiran layi, shi ma ya ga yadda ake yi. Ranar wata Jumma'a ya shigo da ita ƙarƙashin rumfar ƙofar gida, ya buɗe injin, ya kankare baƙin da ya daskare a ciki, ya kwance wani abu da yake kira kafireto, ɗan kaskon tagulla ne inda fetur ke taruwa kafin inji ya sha. Ya jera komai a kan tabarma, ƙanana da manya. Da lokacin masallaci ya yi ya wanke hannu ya ce mini:

"Amarya, ko kaza kada ta taka nan. Ke ma kada ki taɓa."

Har na haihu biyu bai daina ce mini amarya ba.

Ina tsaye ina kwashe shanya don hadari ya haɗu, na juya baya kaɗan. Da na waiwayo, yaron yana kan tabarma, ya cusa wani zobe a baki yana gwada sababbin haƙoransa. Na yi kansa da gudu. Ya tsorata ya jefar da abin cikin taɓon bakin kwata. Ban ko dubi zoben ba. Na buɗe bakinsa na sa yatsa na lalube, na wanke masa harshe, na ba shi nono ina kallon ko zai yi amai. Bai yi ba, har dariya yake mini.

Sai da ya yi barci na ɗauko abin. Faɗinsa kamar abin hannun yarinya, ba shi da nauyi ko kaɗan, irin itacen nan ne da ake toshe bakin kwalba da shi. Launinsa ja mai duhu, ga taɓo, ga sawun haƙori biyu. Na kai shi madafa na sa soso da toka kamar yadda nake wa tukunya. Jan ya fara fita, sai na ɗauka dauɗa ce ta shekaru. Gefe ɗaya ya yi fari, ɗaya bai yi ba, sai na bi shi duka na goge. Da ya bushe na ga ya yi fari fat, duk wanda ya gani zai san an taɓa. Na ɗauki tsumman mijina mai baƙin mai na mulke shi har ya yi duhu, na mayar inda yake.

Mijina ya dawo yana sauri saboda ruwa, ya haɗa komai kafin la'asar. Ya murɗa ƙarfen gaba da ake tayar da ita sau biyu, motar ta tashi sumul. Ya zagaya da ita har Kurofurom ya dawo yana murmushi. Na ce a raina Allah ya rufa asiri.

Da safe ya tayar da ita, sai ta kama da ƙyar. Tana tsaye wuri ɗaya amma jikinta duk yana kakkarwa, kwanon rufin rumfa yana amsawa. Ta yi tari, ta yi shiru kamar ta mutu, ta sake kamawa. In ya ƙara mata wuta sai ta yi ruri ta fitar da baƙin hayaƙi. Da ya rage, sai ta yi ta shessheƙa har ta tsaya. Ni da na kwana arba'in da wani abu ina sauraron numfashin yaro marar lafiya, ban ji daɗin wannan sauti ba ko kaɗan.

Ya fara bi ɗaya bayan ɗaya. Ya ciro filogi huɗu, duk sun yi baƙi sun jiƙe. Ya goge su ya mayar. Ta yi kamar ta warke, kafin ruwan koko ya tafasa ta koma gidan jiya. Ya ce ko ruwa ne a cikin fetur, ya tace garwa guda da tsohuwar jar dararsa, bai ga ko ɗigo ba. Ya bi wayoyi yana matsawa. Ya sa kunne a jikin wasu ƙananan akwatunan katako huɗu masu kuka kamar ƙudan zuma, ya ce duk suna kukansu daidai. Ya yanka sabon kwali ya sa a mahaɗar bututu, ko iska ke shiga. Ya juya wata 'yar allura dama, ya juya ta hagu. Hannunsa ya kumbura saboda murɗa ƙarfe.

Uwar mijina, wadda nake kira Inna, ta fito da kasko tana cewa baki ne, tun ranar da aka ba shi motar mutane ke kallo. Ta nufi injin da garwashi da turare. Mijina ya yi tsalle ya tare ta.

"Inna, don Allah! So kike ki aika mu lahira da mota da gida gaba ɗaya?"

"Kai da ka iya, ai ga ta nan tana ta godiya," in ji ta. Ta koma can bakin zaure ta ajiye kaskonta, hayaƙin yana bin iska.

Da azahar attajirin ya zo da lemarsa. Ya tsaya ya saurari motar har ta mutu a gabansa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce an riga an ɗaure goro cikin ganye, goro kuwa ba ya jiran kowa.

"Jibi bayan la'asar zan dawo. In ta tashi, a yi lodi. In ba ta tashi ba, a tura ta tasha, in nemi wani direba. Kai kuma jakuna suna nan, babu wanda ya fi ka sanin hanya."

"Na ji, Baba," in ji mijina, kansa a ƙasa.

Ina bayan ƙyaure da yaro a goye. Da na ji an ce jakuna, sai na tuna tafiyar wata huɗun nan.

Duk wannan ban haɗa shi da zoben ba, ko kuwa ban so in haɗa ba. Amma akwai abin da nake gani wanda shi ba ya gani, don shi kansa yana cikin inji, ni kuwa ni ke sharar wurin. Ƙarƙashin kaskon tagullar nan ƙasa ba ta bushewa. Ko motar a kashe take, ɗigo yana sauka, ɗaya, can an jima ɗaya. Layin tururuwa da ke bi ta nan kullum ya karkace ya zagaye wurin. Washegari da safe na nuna masa.

Ya tsuguna ya taɓa ya sansana. Ya kwance kaskon, fetur ya cika shi har baki yana zuba. Ya ciro zoben ya ajiye a tabarma, ya shiga busa wata 'yar ƙofa ko datti ya toshe ta.

Na ce, "Malam, wannan mene ne aikinsa?"

"Yau kuma gyaran mota za ki koya?" Ya ɗan yi murmushin gajiya. "Yawo yake a kan fetur, kamar ƙoƙo a randa. In kasko ya cika sai ya taso ya rufe ƙofa. In ya ragu ya sauka ya buɗe."

"In ya nutse fa?"

"Ba ya nutsewa. Maigidana ɗan Fanti ya ce an shafe shi da wani jan abu da ke hana shi shan mai."

Na koma madafa. Na zauna gaban murhu ban hura wuta ba. Na tuna jan ruwan da ya bi soso ya gangara kwata. Na ce in na yi shiru, babu mai sani har abada, a ce baki ne, a ce motar ce ta tsufa. In na faɗa, na saɓa maganarsa, na kuma ɓoye kwana biyu ina kallon hannunsa yana kumbura. Ban san iyakar zaman da na yi ba. Yaron ya farka ya yi ɗan tari, irin na kowane yaro da damina. Shi ne na tashi.

Na durƙusa a bakin tabarma na faɗa masa duka, har da tsumman baƙin mai. Ban ɗaga kai ba. Ya ɗauki zoben ya dube shi. Sannan ya ce:

"Ya haɗiye wani abu?"

"A'a."

"Kin tabbata?"

"Na lalube bakinsa. Na duba kashinsa kwana biyu."

Ya zuba fetur a ƙoƙo ya saka zoben. Muka sa ido. Zoben ya ɗan yi jinkiri, ya karkata, ya tafi ƙasa. Mijina ya ɗauko ya matsa da yatsa, mai ya tsattsafo kamar soso.

"Babu irinsa a garin nan sai an aiko daga bakin teku," in ji shi. "Sai dai ya bushe a sake shafe shi. Ga shi babu rana. Wuta kuma ko kusa."

Rabon mu da rana kwana biyu ke nan. Na ce masa in ya yarda in gwada wani abu. Ina da yashin da nake suyar gyaɗa da shi. Na zafafa shi a kasko, na sauke na kai can ƙuryar tsakar gida nesa da murhu, na jira har na iya sa hannu ciki, na binne zoben. In ya huce in tono, in zafafa wani sabon yashi, in sake binnewa. Na farko ya yi wari har ya sa ni hawaye. Na biyar da ƙyar ake ji. Haka na yini, ban sayar da gyaɗa ko ta kobo ba. Inna ta leƙo ta ce:

"'Yar nan, me kike soyawa haka da ba ya nuna?"

Mijina ya amsa daga waje, "Aikina ne na ba ta, Inna."

Kafin magariba ya ɗauko zoben ya auna a tafin hannu, ya hura shi ya ga ya motsa. Da sassafe ya tafi wurin wani kafinta Batone, ɗan asalin garin, mai yin akwatunan aure, ya roƙo jan man da yake shafa wa katako ya yi sheƙi. Ya shafa da gashin kaza, ya rataye da zare a bakin taga. Da hantsi ya ƙara shafi na biyu. Muka yi ta kallonsa yana juyawa a iska. Bayan azahar ya saka shi a ƙoƙon fetur. Ya zauna a sama yana lilo. Mijina ya danna shi, ya taso.

Bai gama ɗaure kusoshi ba attajirin ya iso. Mijina ya murɗa ƙarfe, motar ta kama, ta fitar da baƙin hayaƙin da ya rage, sannan hayaƙin ya yi haske. Attajirin ya ce:

"Rage mata wuta, ka ɗauke hannunka. A ba ni buta. In na gama alwala tana raye, shi ke nan."

Ni na kawo butar. Na koma bayan ƙyaure. Ban taɓa ganin alwala mai tsawon wannan ba. Tsoho ne mai natsuwa, kowace gaɓa sai ya wanke sau uku, yana tsefe gemu. Mijina yana tsaye, hannayensa a baya. Da aka zo shafar kai motar ta yi tari sau ɗaya, jikinta ya girgiza, na rufe ido. Ta ci gaba. Ya wanke ƙafar dama, ya tsattsefe yatsu. Ya wanke ta hagu. Ya juye sauran ruwan ya miƙe, ita kuwa tana ta bugawa a hankali, daidai daidai, kamar mai barcin lafiya.

"A kawo ta a yi lodi," in ji shi, ya ɗauki lemarsa.

Inna ta ce ai ta faɗa, turarenta ne ya yi aiki ko daga nesa. Mijina ya ce haka ne, Inna. Har ta bar duniya bai gaya mata ba, ni ma bai sake tayar mini da maganar ba, ko a cikin faɗa.

Da safe ya tafi. Na share ƙarƙashin rumfa, ƙasar a bushe take. Yashin kuwa na zubar, don gyaɗar da na gwada soyawa da shi ta ɗauki wari. A rana ta huɗu jikin yaron ya yi zafi. Na jiƙa tsumma ina shafa masa, ina ƙirga kwanaki da yatsa. A rana ta bakwai, wajen la'asar, na ji ƙarar motar tun daga gangaren kasuwa. Ta shigo layi, ya rage mata wuta a ƙofar gida, ba ta mutu ba sai da ya kashe ta da hannunsa. Ya shigo da ƙurar hanya a jikinsa, ya karɓi yaron daga bayana ya sa kumatunsa a goshinsa.