Ranar Sunan Gayauna

A cibiyar da na koyi haɗa kwamfutoci a Kankiya, kalma ba ta shiga littafin Malam sai an yi mata suna. Suna sosai fa, har da dabino. Mu muka ja. Abu ɗaya ni in ce layi, na kusa da ni ya ce hanya, wata ta ce netwok, in aka zo aiki kowa ya jona abin da ya gane, komai ya cakuɗe. Shi ne Malam ya kafa doka: duk kalmar da aka kawo, a yi mako ana aiki da ita. In ba ta rikita kowa ba, ranar da ta zagayo a rubuta ta da jan biro gaban shaidu biyu 'yan aji, da bayaninta, da garin wanda ya kawo ta. Daga nan ba mai sake kiran abin da wani suna.

Wata shida ina zirga-zirga daga Kusada, ko kalma ɗaya ban ci ba. A guruf ɗin ajinmu na waya kam ni ne oga, kafin wani ya gama rubuta sallama na jefa saƙo biyar. Amma duk abin da na kawo sai Malam ya ce yaren shagon caji ne, baɗi an manta da shi. Wata 'yar cikin gari da ke zama gabana har tara gare ta, kullum sai ta waiwayo ta yi mini jaje. Ina dariya, amma abin na cina, don littafin nan za a bar wa 'yan baya, ba Kusada ko sau ɗaya a ciki.

Abu ɗaya ya rage ba suna: yadda ake raba akwatin jona wayoyin kwamfutoci guda ta cikin saiti kawai, ba a ƙara waya ba, ba a cire ba, amma kwamfutocin ofis su daina ganin na ɗalibai. 'Yar cikin garin nan ta kawo "layin ɓoye", kwana biyu ya mutu, don ba wani ɓoyo a ciki.

Wata Juma'a muna sharar gona, Baba ya tsaya yana nuna wa yayana iyakar gayaunarsa. Gandun gida ɗaya ne, ba katanga ba shinge, amma kowa ya san inda tasa ta tsaya, abin da ya noma ciki nasa ne. Wallahi sai da na yar da manjagara. Washegari na ce a kira akwatin gandu, kowane yanki gayauna. Aji ya kwashe da dariya, aka ce ɗan gayu ya koma ƙauye. Amma zuwa Litinin kowa "buɗe gayaunar ofis" yake cewa, ba wanda ya ɓata.

Matsalar, ran Alhamis ake sallamar mu, suna kuma sai Asabar. Na roƙi Malam ya rage.

"Ka taɓa ganin an raɗa wa jariri suna kwana biyar don liman zai yi tafiya?" ya ce. "Ni zan buɗe cibiyar ran Asabar. Kai ka nemo shaidu."

Ran Juma'a aka sheƙa ruwan shuka. Na cika guruf da magiya, kowa ya karanta ya yi gum, don Asabar ɗin duk mai gona yana gona. Ranar Asabar ɗin na yi shuka har hantsi, na hau mota da dabinona a leda.

Mu biyu muka zauna da Malam, janareta a kashe. Can wani ɗan ajinmu daga Kunduru ya shigo, taɓo har ƙauri, ya ce shi fa don dabino ya zo. Saura ɗaya. Azahar ta matso, Malam ya fara naɗe hannun riga zai yi alwala, ni kuwa na daina kallon ƙofa. Sai ga 'yar cikin garin nan, lema a hannu.

"Ina mai jegon?" ta ce. "Ni mantuwa na yi, kar ka ji daɗi."

"Ranki ya daɗe, mi kika manta?"

"Ba ruwanka. Malam, ba ni biron, rubutunsa kamar na likita."

Ita ta rubuta. Gayauna, da bayaninta layi biyu, a gefe Kusada. Na yi tsalle har na ture benci, Malam ya ce in fita waje in ƙarasa haukana.

Yanzu ina jami'a. Malamai uku, sunaye uku ga abu ɗaya, duk da Turanci, ba mai tsayawa ya ce a daidaita. In ina saiti, a raina gayauna nake cewa, in ɗaga kai ba wanda zan gaya wa. Guruf ɗin ya yi tsit, cibiyar ta tashi daga wurin, ban san hannun wa littafin yake ba. Kuma ranar, tsabar murna, ko hoton shafin ban ɗauka ba.