Faɗan da babu shi a littafi

Ban taɓa mantawa da ranar da Firinsifal ya kira ni ofis ya nuna mini wani kaset a kan teburinsa ba. Lokacin ina koyar da adabin Turanci a wata sakandare ta kwana a Isa, kuma ɗalibaina sun jera shekaru suna faɗuwa a jarrabawar ƙarshe. Ga wanda bai san aikinmu ba, darasin da ba dole ba idan ya yi ta jawo faɗuwa, shugaban makaranta na iya rubuta wa ma'aikata a soke shi, malamin kuma a tura shi duk inda aka ga gurbi.

Littafin da aka sa mana a shekarar wani tsohon labari ne mai kauri, na wani soja da ya fita neman mutumin da ya yi wa ɗan'uwansa ƙazafi har aka kashe shi. Yarana ba su taɓa wuce babi na biyu ba.

"Wanga kaset daga Maraɗi wani ɗan kasuwa ya kawo min shi," in ji Firinsifal. "Littahinka na, an maishe shi fim. Gobe ka nuna musu."

Na ce, "Ranka shi daɗe, ai da Faransanci suke magana."

Ya ce, "Takobi na da yare?"

Washegari da la'asar aka toshe tagogin ɗakin cin abinci da barguna, aka tada janareto. Gaskiya fim ɗin ya yi kyau. Jarumin ya diro daga bene ya faɗa daidai kan sirdi. Ya riƙe labule da hannu ɗaya yana lilo, ɗaya hannun yana sassabe mutane kamar kara, hularsa mai gashin jimina ko karkacewa ba ta yi ba. A ƙarshe ya ritsa maƙiyinsa a kan rufin fada, suka yi ta ɗauki ba daɗi har ya wurgo shi ƙasa. Yaran da suka saba gyangyaɗi a ajina suka hau kan bencunan ɗakin suna ihu.

Ni kaɗai na san abin da ke cikin littafin. A can, sojan ya tarar da maƙiyin nasa ya tsufa ya makance, yana lalube da sanda. Ya tsaya ya dube shi, ya kasa zare takobi, ya juya ya koma gonarsu. Duk ma'anar littafin a wannan juyawar take, kuma ita masu fim suka yanke suka yar.

Da aka yi jarrabawar gwaji, wadda muke yi kafin ta gaske, kowa ya rubuta mini rufin fada. Wani har ya bayyana ƙarar da mugun ya yi da ya faɗo. Na zuba musu sifiri gaba ɗaya.

Sai monitan ajin, Sahabi, wani ƙato ɗan garin Tozai da ya fi ni tsawo, ya miƙe.

"Malam, da idona nag gani. Ka ce babu?"

Na ce, "A littafi babu."

"Akwai. Ba ka dai kai wurin ba."

Ajin ya fashe da dariya. Raina ya ɓaci, na ce duk wanda ya nuna mini faɗan a shafi, za ni soke sifirin kowa, in kuma ba su haƙuri a gaban asambuli.

Abin da na yi shekaru ina roƙo, son ganin kunyata ya yi shi a sauƙaƙe. Kofen littafin kaɗan ne a makarantar, suka riƙa karɓa-karɓa. Ƙarƙashin bishiyar dogon yaro za ka gan su da ƙamus, ɗaya na karantawa, saura na cewa, "An kusa rufin?" Ba su yarda su tsallake shafi ba, don kada faɗan ya ɓuya a ciki.

Bayan 'yan makonni Sahabi ya same ni a ofishin malamai, ya ajiye littafin.

"Babu shi, Malam."

Na dube shi ina jiran ban haƙuri.

"Tsohon nan ya ba ni tausai," ya ce. "Ni ma da ba ni iya sare shi. Amma in don ni na, mai littahin nan da ya bari an ɗan gwabza kahin makantar."

Sakamakon jarrabawar ƙarshe ya fito, yarana suka ci yadda ba su taɓa ci ba. Firinsifal ya rubuta wa ma'aikata cewa sabuwar dabararsa ta koyarwa da fim ta yi aiki. Aka yaba masa a taron shugabannin makarantu, ya dawo ya umarci malamin lissafi shi ma ya nemo nasa fim ɗin.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, abin da na koya shi ne: irin finafinan nan ƙarya suke yi wa littafi, amma ƙaryar tasu tana da farin jinin da gaskiyarmu ba ta da shi. Kada ku hana yaro kallo. Ku bar shi ya gani, sannan ku musa masa. Yaron ƙasar nan zai iya ƙin karatu don a yabe shi, amma zai cinye littafi sukutum don ya kama malaminsa da kuskure.