Bankin Rowa

Mijina ya rasu ya bar mini hannun jari a wani ƙaramin bankin 'yan kasuwa a Garwa. Gadona ke nan. Mutane suna ce masa bankin rowa, don kafin a ba ka bashi sai an tambaye ka har kakanka.

Lokacin na shiga lakwal ɗin manya, makarantar yaƙi da jahilci, da furfurata. Malamarmu, wata Kirista daga kan duwatsu, ta koya mana cewa lamba ita kaɗai ba ta faɗin gaskiya, sai an gwada ta da 'yar'uwarta.

Sai ga yayana daga Pitowa, wai in sayar da nawa in sayi na wani sabon banki da aka buɗe. Ba manomin audugar da ya je bankin neman bashi ya dawo hannu wofi, manajan har ta'aziyya yake zuwa. A wurinmu wanda ba ya hanawa shi ne mutumin kirki, da wannan mudun mutane suka auna banki. Kowa na so, farashin hannun jarinsa sai hawa yake.

Na ɗaura zane na je duka biyun da tambaya biyu. Cikin bashin da kuka bayar, kashi nawa ne bai dawo ba? Kuma kuɗinku na kanku nawa ne idan an gwada da abin da kuka rantar? A bankin rowa akawu ya amsa da Fillanci, ko kujera bai ba ni ba. A sabon kuwa aka ba ni lemo mai sanyi, maimakon amsa aka yi ta jera mini yawan masu cin bashi da Faransanci. Na sha lemon, na ƙi sayarwa.

Yaya ya ce, "Ke da kika fara riƙe alli jiya?"

Na ce, "Yaya, jiyan ma ba kai ka kai ni ba."

Ya daina taka gidana.

Da auduga ta ƙi, manoma suka kasa biyan bashi, sabon bankin bai rufe ba, amma hannun jarinsa aka rasa mai tayawa. Nawa kuwa har gida ake biyo ni ana ƙara farashi. Ban sayar ba.

Bayan sallah Yaya ya zo, ya ci tuwo, ya daɗe yana wanke hannu. Can ya ce, "Tambayar nan ta biyu, yaya ma take?"

Na faɗa masa. Na sa ya maimaita.