Hawan Jini da Hawan Jirgi

Shekara talatin da wani abu Baba ya yi yana gyaran kan jirgin ƙasa a Kafanchan. Abin da ya fito da shi daga aikin nan biyu ne: nauyin kunne, da burin hawa jirgin sama ko sau ɗaya kafin ya mutu. Yakan ce shi da ya ƙare ƙuruciyarsa a ƙarƙashin jirgi, ai ya kamata ya ga cikin na sama. In yana zaune a gindin mangwaron gidanmu ya hango farin layin nan da jirgi ke bari, sai ya bi shi da ido har ya watse.

Ni ce kunnensa. A coci, a banki, a asibiti, ina gefensa ina maimaita masa magana da ƙarfi, har mutane su ɗauka faɗa nake masa. Wani lokacin ma faɗan ne, don ni ba a san ni da haƙuri ba. Shi kuwa dariya yake yi, ya ce su a wurin aiki in inji ya tashi ba wanda ke jiran murya, bakin mutum ake kallo. Na sha jin wannan zance har na daina saurara.

Da matar ƙanena ta haihu a Legas, sai ƙanen nawa ya bugo waya ya ce Baba ya zo ya ga jikansa, kuma ta sama zai zo, daga Abuja. Saura mako biyu Baba ya riga ya shirya jaka. Da na tuna masa ciwonsa, cewa ya yi, "Uwata, hawan jini da hawan jirgi, duka hawa ne. Wanda ya saba da ɗaya zai iya ɗayan."

Ban yi dariya ba. Hawan jinin nan ne ya kayar da Mama a gonar citta, ɓarin jikinta ya shanye, ni na yi wata huɗu ina mata wanka kafin ta rasu. Tsoro nake ji, tsoro sosai. Na dinga ganin Baba a ɗaure a kujera can cikin gajimare, bakinsa ya karkace, ba kowa nasa a kusa.

Na ja shi asibiti da fatan likita za ta hana. Ta ɗaura masa abin awo a hannu, ta duba katinsa, sai ta dube ni ta ce jinin ya kwanta, zai iya tafiya. Ya dai sa maganinsa a jakar hannu, ba cikin akwatin da za a karɓa ba. Ya riƙa miƙe ƙafa. Ya guji abinci mai gishiri.

"Mene ta ce?" in ji Baba.

"Bari mu fita," na ce.

A baranda na tsaya a gabansa na ɗaga murya. "Ta ce ba za ka iya ba, Baba. Jinin zai hau a sama."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya gyara hularsa ya ce, "To. Ba damuwa. Ubangiji ya san dalili."

Da muka koma gida ya shige ɗaki da jakar, daga baya na gan ta a kan kabad. Bai ƙara tayar da zancen ba. Ni kuma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, har ina yaba wa kaina da dabara. Jikan a waya ya gan shi, yana ta tambayata ko yaron kuka yake ko hamma.

Damina ɗaya ya ƙara. Wata Talata da rana na kai masa kunu gindin mangwaro, na tarar ya riga ya tafi, a kujerarsa, ƙafafunsa biyu a ƙasa. Ƙasar da na tsare shi a kanta ba ta hana komai ba.

Bayan jana'iza na sauko da jakar don a raba kayan. Riga biyu ce a ninke, da Littafi Mai Tsarki, da ƙullin busasshiyar citta na surukarsa. A aljihun gaba na sami maganinsa cikin leda, an naɗe shi da takarda. Rubutunsa ne, manyan baƙaƙen nan na ma'aikatan reluwe:

Magani a jakar hannu.
Miƙe ƙafa.
Ban da gishiri.

Na zauna daɓas a ƙasa. Ashe lokacin da likita ke magana da ni, shi bakinta yake kallo.

Har yau in na hango farin layin nan a sama, ɗaki nake shigewa in rufe ƙofa. Amma rufe ƙofar ba ya hana ni ganin barandar asibitin nan, da Baba a tsaye, idonsa a kan bakina ina masa ƙarya.