Matakala Sha Bakwai

Babanmu mai aski ne. Shekara talatin da ɗaya yana saukowa daga bene kullum da safe, ya buɗe shagonsa da ke ƙarƙashin gidanmu, ya goge madubi, ya jera almakashi a kan farin tawul. Ba ya son a koya masa sana'arsa. In ka ce a rage maka nan, sai ya dube ka ta madubi har ka ji kunyar kanka, sannan ya rage inda ya ga dama, ka fita kana shafa kai kana godiya. Ni ce autarsa, kuma an ce zafin ransa na gado. Ban musa ba.

Mota ce ta buge shi yana tsallaka titi. Ƙashin baya ya taɓu, ƙafafu suka daina jin magana, amma hannuwa suna nan da ƙarfinsu. Cikin wata shida ya koyi ɗaga kansa daga gado zuwa keken guragu, daga keke zuwa kujera, ba mai taɓa shi, muddin abubuwan biyu suna manne da juna. Bene ne kawai ya gagare shi. Duk ranar asibiti sai yayyena biyu sun ɗauko shi, ɗaya ta hammata, ɗaya ta gwiwa, suna nishi, maƙwabta na leƙe. Ranar da wandonsa ya zame a gaban mutane, ya rantse ba wanda zai sake ɗaukarsa kamar buhu. Ya kuwa cika rantsuwarsa. Shekara biyu bai sauko ba, likita ma sai dai ya hau ya same shi.

Shago yana nan a kulle. Babban yayanmu ya fara maganar a bai wa wani mai sayar da wayoyi, wai ƙura kawai wurin yake sha. Baba ya ce sai bayan ransa. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa za a saka kujerar nan mai hawa bene, wadda ke bin dogon ƙarfe a gefen matakala in ka danna madanni. In Baba ya iya sauka da kansa, shago nasa ne. In kuwa bai iya ba, ƙarshen wata a miƙa makulli.

Injiniyan kamfani ya zo da tef ɗin awo da ɗan littafinsa. Ya auna bango, ya auna kwana, ya auna faɗin ƙofa. Duk tambayar da zai yi, Yaya yake yi wa. Har nauyin Baba, Yaya ya tambaya, alhali ga mai nauyin nan zaune da ransa da hankalinsa. Abin ya ƙona min rai.

Baba ya ce, "Malam, matakala nawa ka ƙirga?"

"Sha shida, Baba."

"Sha bakwai ne."

Injiniya ya yi irin murmushin da ake yi wa wanda tsufa ya fara taɓawa. Yaya ya ce, "Baba, da tef fa ya auna." Ni kuma, da bakin nan nawa da ba ya hutawa, na ce, "Baba, ka bar masu aiki su yi aikinsu mana."

Ashe a ƙasa, daidai ƙofar da ke fita lungun shago, akwai wani ɗan taki da bai kai tsawon tafin hannu ba. Mu masu ƙafa ba mu taɓa ɗaukarsa matakala ba, ƙafa ce ke sauka da kanta. Injiniya ya tsayar da dogon ƙarfensa kafin a kai nan, don kada ya tare ƙofa. Da aka gama, wa ya gwada? Yaya. Ya zauna, ya sauka, ya miƙe da ƙafafunsa biyu, ya taka ƙasa, ya ce aiki ya yi kyau. Mutumin da aka yi abin dominsa yana sama, ba wanda ya ce ya zo ya gwada, wai ana so a ba shi mamaki. Wallahi duk sanda na tuna wannan wautar sai na ji kamar in mari kaina.

Da safiyar ranar da zai sauko, Baba ya gyara gemunsa da kansa, ya saka farar rigar aikin da Inna ta goge masa, ya ɗora jakar kayan aski a cinya. Tsofaffin abokan cinikinsa uku suna jira a lungu, har da wani da ake ce wa Direba, wanda ya ƙi yarda kowa ya yi masa askin kirki tun da shagon ya rufe. Ni ina ƙasa riƙe da keke na biyu. Baba ya ɗaga kansa ya hau kujera, ya danna. Ta taho da shi a hankali tana ƙugi, yana ƙoƙarin ɓoye fara'arsa, ta ƙi ɓoyuwa.

Sai kujera ta tsaya. Na turo keke, taya ta daki takin nan. Wurin da ke samansa kuma bai isa keke ya tsaya ba. Baba ya miƙa hannu iya tsawonsa, kan yatsunsa kawai ya taɓa hannun keken. Ga ƙofar shago nan a buɗe, yana hango madubinsa.

Yaya ya sunkuya yana naɗe hannun riga. "Taki ɗaya ne fa, Baba. Ɗan ɗagawa kaɗan, shi ke nan."

"Cire hannunka."

Direba ya ce, "Mai Aski, bari in zauna a ƙasa, ka yi min a nan."

"Ni ba na aski a lungu," in ji Baba.

Ya gyara zaman jakar a cinyarsa. Bai dubi Yaya ba, ni ya duba.

"Auta, nawa na ce?"

"Sha bakwai, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya danna madanni. Kujerar ba ta san sauri ba, don haka muka tsaya mu duka muna kallonsa yana komawa sama cikin farar rigarsa, taki bayan taki, har kwana ta ɓoye shi.

Kamfani sun ce sabon ƙarfe mai naɗewa sai bayan wata biyu. Yaya bai jira ba. Ni aka aika sama in karɓo makulli, kuma kafin in buɗe baki Baba ya miƙo min shi.