Ranar da Aka Tura Motar Badaru

Duk direban da ya taɓa shiga Bodinga da mota mai tari, an nuna masa garejin Badaru. Gareji dai a baki ne kawai. Rumfar kwano ce a gindin dalbejiya, da benci ɗaya, da akwatin sifanu wanda ya girmi rabin direbobin tasha. Mai wurin gajere ne, ya ba sittin baya, kuma in zai saurare ka sai ya juyo maka kunnen dama, don na hagu ya bar wa inji. Ba ya taɓa wayoyin mota, ba ya gyaran jikinta. Kafireta, mai haɗa wa inji iska da fetur, kaɗai ya sani, amma ya san ta kamar yunwar cikinsa.

Abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya: shekara talatin da biyar yana sana'a, ba a taɓa tura motar da ta fito daga hannunsa ba. Direbobi har kirari suke yi masa da wannan, shi kuwa ya yi kamar bai ji ba, alhali daɗin yana kai masa har ƙashi. Mutum ne da ya fi tsoron kunya a kan asara, kuma irin waɗannan ba su cika samun kwanciyar rai ba.

Cikin motocin da ya yi reno babu kamar ta marigayi Alhaji Na'Allah, dillalin albasa na Shagari. Ja ce, 'yar Amurka, ƙofa biyu, silinda takwas, giyar hannu. Alhaji ya saye ta wurin wani Bature mai aikin hanya tun Badaru yana saurayi, kuma duk bayan wata uku shi da kansa yake kawo ta Bodinga a duba. Badaru ya san duk ƙusoshin injinta, sai dai bai taɓa bin ta zuwa Shagari ba ko sau ɗaya.

Bayan rasuwar Alhaji motar ta faɗa hannun ɗansa Mansur, ma'aikaci a Kaduna, mai yawan kallon motoci a waya. Wata Asabar, ana zafin bazara, ya iso gareji da kwali biyu da ya yi odarsu daga waje. A ciki akwai wani manifol na alminiyam, wato bututun da iska da fetur ke bi su shiga inji, amma dogo ne kamar an kafa turmi a kan inji, ga kafireta biyu da za su hau samansa. In an ɗaura, dole a yanke bonet su leƙo waje. Badaru ya juya abin, ya zura hannu cikin maƙogwaron bututun har gwiwa.

"Ɗan ga," in ji shi, "wagga aba ta masu tsere ta. Kai ko Shagari kaka zuwa, cikin shanu da mutane."

Mansur ya yi dariya ya ce ai shi ya sa ya kawo wa Baba Badaru, don an ce babu injin da ya gagare shi. Ya ƙara da cewa ranar Juma'a yake son shiga da ita Shagari, abokan mahaifinsa su ga motar ba ta mutu da mai ita ba. Da ya ce an ce babu abin da ya gagare shi, ya gama da tsohon. Badaru ya karɓi aikin, yana karɓa yana da-na-sani.

Ɗaurawar ba ta ba shi wuya ba. Ya yanka gasket, shimfiɗar da ke hana yoyo, da hannunsa, ya ƙera sandar da za ta haɗa totur ɗin kafireta biyun don su buɗe tare, ya kira mai walda ya yanke bonet, shi kuwa ya juya baya har aka gama. A kan titin kwalta motar ta zama wata dabba, in ya taka ta sai kujera ta rungume shi. Matsalar tana wurin da ya zata. Bututun ya yi tsawo, cikinsa ya yi faɗi, in inji ya sauko sulo, wato mota tana tsaye a kunne, iska ba ta da ƙarfin jan fetur. Sai motar ta yi kakari, ta girgiza, ta mutu.

A wani gari wannan ƙaramin abu ne, sai ka yi ta ba ta wuta. Amma a nan ɗan mutunci ba ya wuce manya da gudu. Sai ya tsaya ya gaishe su, kuma gaisuwar ƙasar nan ba a yi mata gaggawa. A ransa Badaru ya hango Mansur a gaban majalisar dattawan Shagari, ya leƙo kai yana gaisuwa, mota ta mutu, a taru a tura, a tambayi wa ya gyara. Daga ranar tuwo ya daina yi masa daɗi.

Agogo bai taɓa zama ma'auninsa ba, don haka ya nemi ma'aunin da ya dace da aikin. Ya je shagon da ke jikin rumfarsa ya ɗauko Sha'aibu tela, wanda duk Bodinga an yarda babu mai tsawon gaisuwarsa. Badaru ya tada mota ya bar ta a sulo, ya ce Sha'aibu ya gaishe ta kamar yana gaida dattijo. Tela ya gyara hula ya fara: kwana, gajiya, iyali, zafi. Bai kai ga tambayar albasar fadama ba motar ta mutu. Sha'aibu ya ce ashe ba ta da tarbiyya. Badaru bai yi dariya ba.

Kwana huɗu suna haka. Ya ɗaga sulo, ƙara ta yi yawa har tela ba ya jin bakin kansa, kuma gaisuwar da ba a ji ba ai ba a yi ta ba. Ya sauke, ta mutu. A ƙarshe ya buɗe wa kafireta biyun mai sosai, ya bar ta tana shan fetur fiye da ƙima. Ranar Alhamis Sha'aibu ya gaishe ta tun daga kwana har kan jikoki da dabbobi, ya sake komawa farko, tana nan tana gurnani a hankali. Badaru ya share gumi. Hankalinsa bai kwanta duka ba, amma ya kasa gano abin da ya rage.

Ranar Juma'a Mansur ya nace sai sun tafi tare. Duk tsawon hanya Badaru yana gefe, kunnen hagu a karkace, hannunsa a kan sukundireban da ke aljihu. Sun yi salla a Shagari, bayan an sauko suka nufi ƙofar gidan marigayi, inda dattawa biyar ke zaune a kan tabarma a inuwar tsamiya. Mansur ya tsaya, ya sauke gilashi, ya fara gaisuwa. Injin yana riƙe, Badaru yana lissafin numfashinsa a zuci.

Babu wanda ya amsa. Malam Mode, babban aminin Alhaji, ya dubi abin da ya tsiro a kan bonet, sannan ya dubi Mansur.

"Ubanka bai taɓa gaishe mu daga cikin mota ba," ya ce a hankali. "Kashe ta shikai, shi sauko, shi tuɓe takalmi."

Kafin Badaru ya buɗe baki Mansur ya murɗa makulli. Shirun da ya biyo baya ne ya gaya masa abin da ya rage. Kwana huɗu yana koya wa mota tsayuwa a kunne, bai taɓa kashe ta da zafi ya bar ta ta jima sannan ya tada ba. Ya durƙusa tare da Mansur, bakinsa yana amsa lafiya lau, zuciyarsa tana cikin inji, inda ya san fetur ɗin da ya buɗe yana ɗiga cikin dogon bututun nan yana jiƙa fulogi. Gaisuwar ta ɗauki lokacinta, aka yi wa marigayi addu'a, aka sha ruwa.

Mansur ya koma ya murɗa. Ta juya ba ta kama ba. Ya sake, warin fetur ya tashi. A karo na biyar batir ya fara jan ƙafa. Badaru ya san maganin, kowane bakanike ya sani: a danne totur ƙasa, a sa giya ta biyu, a tura. Shekara talatin da biyar bai furta wannan kalma a kan aikinsa ba. Sai ya ga Malam Mode ya dafa ƙasa zai miƙe, sauran suna naɗe hannun riga.

"Ranku shi daɗe, ku zamna," in ji Badaru. "Ni nig gyara ta. Ni ka tura ta."

Ya gaya wa Mansur abin da zai yi, ya ajiye hula, ya kafa tafuka biyu a kan but ɗin baya mai zafin rana, ya tura. Motar ta fi ƙarfin mutum ɗaya, da ƙyar ta motsa. Can ya ji ta yi sauƙi, ya waiga ya ga dattawan nan biyar sun jeru a gefensa, babu wanda ya dube shi balle ya ce masa wani abu. A gangaren da ke gaban masallaci ta yi tari, ta tofar da baƙin hayaƙi, ta kama.

Washegari ya rage mata mai, ya sake aikin daga farko, kuma har yau Mansur yana hawanta. Amma in wani direba ya ɗauko tsohon kirarin nan, Badaru ba ya yin kamar bai ji ba. Yakan ɗago daga cikin inji ya ce an tura, sau ɗaya, a Shagari, mutum shida, kuma shi ne ƙaraminsu.